Likitan Inji Na Biyu

Shekara talatin da ɗaya ya yi a tashar wutar da ke gindin madatsar ruwa, kuma in ka cire katin shaidarsa, babu inda sunansa na yanka yake aiki. Likita ake ce masa, daga mai gadi har manaja. Bai taɓa yi wa kowa allura ba, karatunsa ma bai wuce na rubuta rahoto layi uku ba. Injina ne marasa lafiyarsa.

Da tsintsiya ya shigo. Yana da shekara ashirin da bakwai aka ɗauke shi sharar zauren injina, wani dogon ɗaki a ƙarƙashin ƙasa wanda daɓensa ba ya daina rawa a tafin ƙafa. Ruwa yana gangarowa daga madatsa ta manyan bututu uku, ya bugi farfela, farfela ta juya wata sandar ƙarfe mai kaurin gangar mai, sandar ta juya janareta a hawa na sama. Daga nan wuta ta hau turaku ta tafi gari, inda kamfanin wutar yake da shago. A can ake sayen mita, a nemi mai gyaran waya, a yi odar faifan sola ko famfon ruwa, a kuma zagi kamfanin in an ɗauke wuta. Ma'aikatan shagon ba su taɓa saukowa zauren ba. Mutanen zauren kuwa 'yan fanka suke ce musu, don a ganinsu aikinsu bai wuce zama a ƙarƙashin fankar da wasu suka juya ba.

Sandar nan tana juyawa ne a cikin boris, wani zoben ƙarfe mai laushi da ke kwance a cikin mai. In boris ya yi zafi ya wuce kima, narkewa yake kamar dalma, ya kama sandar ya ji mata ciwo. Wani tsohon makaniki ne ya lura mai sharar yana yawan tsayawa kusa da injin yana karkata kai. Sai ya miƙa masa dogon sukundireba, ya nuna masa yadda ake ɗora bakinsa a kan murfin boris, a manna ƙotar a kunne, a rufe ido. Lafiyayyen boris gurnani yake yi, mai kauri, wanda ba ya canjawa. Mai ciwo kuwa, tun kafin ya ɗauki zafi, yakan fara wani siririn fito kamar sauro daga nesa. Wasu sukan yi shekara goma ba su ji wannan fiton ba. Shi a mako ɗaya ya kama shi.

A shekararsa ta tara, lokacin ya bar tsintsiya ya koma zuba mai, wata safiya ya hau ɗakin kula da kayansa na maiƙo ya ce a tsayar da inji na ɗaya. Agogunan da ke jikin bango duk suna nuna lafiya. Injiniyan wancan zamanin ya tambaye shi wace jami'a ya yi. Ya ce bai yi ba, amma dai a tsayar. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi tafiya har aka tsayar, don kawai a rabu da shi. Da aka buɗe, sai ga tsaga a jikin boris, tsawon ɗan yatsa. Ranar ya samu sunansa.

Kamfani yana raba robar toshe kunne duk wata, kuma akwai allo a bakin matakala da ke cewa dole ne. Tasa a aljihu take zama har ta yi baƙi. In mai kula da lafiyar ma'aikata ya yi magana, sai ya ce to in likita ya toshe kunne, wa zai ji nishin mara lafiya? A yi dariya a wuce. Shi ma mai kula da lafiyar, in motarsa ta fara wani kuka, wajen Likita yake kawo ta.

Agogon zafin borisin inji na biyu yana da halin banza. Shekaru da yawa yakan tashi haka kawai, musamman da tsakar rana, ya nuna zafin da babu shi, ƙararrawa ta cika tasha. An canja shi sau biyu bai shiryu ba, don laifin yana can cikin wata waya da sai an kwance rabin injin a kai gare ta. Ma'aikata suka raɗa masa suna Maƙaryaci. Littafin doka ya ce in ƙararrawar nan ta yi kuka a tsayar da inji nan take. Amma tsayar da inji na nufin rabin gari ya rasa wuta, waya ta yi ta shigowa daga babban ofis, sannan a buɗe a tarar ba komai. Don haka tasha ta yi wa kanta doka wadda ba a rubuta ko'ina ba. In Maƙaryaci ya yi kuka, shugaban aiki ya aika a kira Likita. Likita ya ɗora sukundirebansa, ya rufe ido, sannan ya ɗago ya kaɗa hannu kusa da kunnensa kamar mai korar ƙuda. Shugaban aiki yana kallo ta gilashin ɗakin kula, sai ya danna maɓalli ƙararrawar ta yi shiru. An yi haka ya fi sau ɗari biyu, ko sau ɗaya bai kuskure ba.

Shugaban aikin rana shi ne Gajere, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakin kula. Shi ya yi karatu, da takardarsa ya zo, amma a hannun Likita ya koyi inda ake sa ƙafa. A gidan Likitan kuma ya ga ƙanwar matarsa ya aura, don haka Yaya yake ce masa, ko a gaban manaja. Likita yakan ce ya ba shi sana'a ya ba shi mata, saura ya tauna masa abinci. Gajere yakan ce ai da a ce akwai sauran haƙori a bakin Yaya, da ya karɓa.

A gida abin ya fara. Butar shayi takan yi ta fito a kan wuta yana zaune kusa da ita bai motsa ba. Wayarsa ta yi ta ringin a aljihunsa, sai 'yarsa ta taso daga ɗaki ta ce, Baba, ana kiranka. Rediyo ya dinga ƙara masa murya har maƙwabta suka daina kunna nasu. Muryar maza yana ji, in mai kauri ce. Ta mata da ta yara ce ta dinga zame masa, sai ya ga baki yana motsi, rabin maganar ta faɗi a hanya. Matarsa ba mai yawan zance ba ce. Ta daina kiransa daga madafa, ta koma zuwa ta tsaya a gabansa kafin ta buɗe baki. Sau ɗaya kawai ta ce masa inji ya cinye kunnen, ƙanzo yake kawo musu gida. Ya ce tsufa ne, kowa da nasa. Ta ce to.

Duk shekara ana gwada kunnen mutanen zaure a asibitin ma'aikata. Akwai wani ɗan ɗaki mai taga ta gilashi, a zaunar da kai, a ɗaura maka abin saurare a kunne. Nas tana waje tana danna maɓalli, in ka ji ƙara ka ɗaga hannu. Shekarar da ya fara rasa siraran ƙararrakin, yana zaune yana zufa, sai ya lura duk lokacin da nas ta danna, kafaɗarta ta dama takan ɗan sauka. Ya ɗaga hannu. Ta rubuta. Haka ya ci gwajin shekara uku a jere, nas tana yaba masa wai kunnensa ya fi na matasa.

Bai ɗauki kansa maƙaryaci ba. Gurnanin nan yana jin sa har cikin ƙashinsa, yana kuma taɓa murfin da bayan hannu, yana sansana mai. Ya gaya wa kansa cewa wanda ya yi shekara talatin da injin nan, ko da gwiwarsa zai san ciwonsa. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Ya ce zai lallaɓa.

Ranar wata Talata ce, bayan azahar kaɗan. An kwance inji na uku ana masa babban gyara, na ɗaya da na biyu ne ke ɗauke da gari. Maƙaryaci ya yi kuka. Likita yana bencinsa yana wanke matatar mai, sai da aka taɓa kafaɗarsa. Ya goge hannu, ya ɗauki sukundireba, ya ɗora, ya rufe ido. Gurnani yana nan yadda ya san shi. Murfin da ɗan ɗumi, amma ai rana ce. Ya daɗe fiye da yadda ya saba, yana jira ko wani abu zai taso daga ƙarƙashin gurnanin. Babu abin da ya taso. Ya ɗago, ya ga Gajere a bayan gilashi yana kallonsa, ya kaɗa hannu kusa da kunnensa.

Ba a yi minti arba'in ba wari ya cika zauren. Hayaƙi fari ya dinga fitowa ta gefen murfin, daɓe ya canja rawa. Gajere ya danna maɓallin tsayarwa ya sauko da gudu, ya kama makunnin mai da hannu ba safa, fatar tafinsa ta tsaya a jikin ƙarfen. Kafin sandar ta gama tsayawa, boris ya narke ya kama ta. Daga baya wani mai zuba mai ya ce shi tun safe yake jin wani fito-fito a wajen, amma da ya ga Likita ya ce lafiya, sai ya ɗauka kunnensa ne.

Masu gyara daga babban ofis suka ce sai an ɗaga sandar an kai ta wata ƙasa an goge, wata huɗu in an yi sa'a. Aka soma raba wuta unguwa-unguwa, awa shida a kawo, awa goma sha biyu a ɗauke. A layinsu Likita, mai walda ya koma zama a kan benci yana korar ƙuda na gaske. Tela ya ciro tsohon kekensa na ƙafa. Matar da ke sayar da ƙanƙara ta wanke firijinta ta bar shi a buɗe. In Likita ya dawo da yamma da hular kwanonsa a hannu, mai walda yakan ɗaga murya ya ce, Likita, ai da kai aka tambaya da ba mu shiga wannan ba, waɗannan yaran masu takarda ne suka kashe mu. Muryar mai walda mai kauri ce. Yana jin ta sarai.

An dakatar da Gajere. A rahotonsa ya rubuta cewa ƙararrawa ta yi kuka, ya ɗauka ƙaryar da ta saba ce, ya kashe ta bisa ra'ayin kansa. Bai ambaci kowa ba. Sauran ma'aikatan ranar, da aka tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce shi yana can wani wuri yana wani abu. Aka kafa kwamiti, aka sa ranar zama, kuma kowa a tasha ya san korarsa za a yi. Gajere yana da 'ya'ya biyar da uwa a ɗaki.

Likita ya ci gaba da zuwa aiki. Yana wanke matata, yana zuba mai a inji na ɗaya, ba wanda ya ce masa ci kanka. Da a ce wani ya zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Ana saura kwana huɗu kwamiti ya zauna, ƙanwar matarsa ta zo gidan. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar kullum, ta wuce madafa wajen yayarta. Daga inda yake zaune yana hango su ta ƙofa. Ƙanwar tana magana tana share ido da bakin mayafi, matarsa tana yanka albasa tana gyaɗa kai. Ya karkata kunnen dama, ya karkata na hagu. Taku biyar ne tsakaninsu, bai kama ko kalma ɗaya ba. Ya zauna yana kallon bakinsu kamar mai kallon kifi a ruwa.

Bayan ta tafi, matarsa ta zo ta tsaya a gabansa, wuƙar tana hannunta.

Ya ce, "Me ta ce a kaina?"

"Ba ta ce komai ba. Ba ta ma sani ba, Gajere bai gaya mata ba. Cewa ta yi in roƙe ka ka sa baki wajen manaja, tunda kai ana jin maganarka."

Sannan ta ce ita ba ta san aikin inji ba, kuma ba za ta gaya masa abin da zai yi ba. Amma ita ce ta raini yarinyar nan tun uwarsu ta rasu, kuma yau ta amsa mata da to, tana sane da abin da ta sani. Ta ce ba ta taɓa jin kunyar kanta kamar yau ba. Ta koma madafa.

Washegari bai je tasha ba, ya tafi gidan Gajere. Ya same shi a tsakar gida, hannu ɗaya naɗe da bandeji, yana fama da sarƙar keken 'yarsa da ɗayan. Muryar Gajere kamar ganga take, tana cikin 'yan kaɗan da Likita yake ji ba sai ya kalli baki ba.

"Yaya, haka ake zuwa duba mara lafiya, hannu rabbana? Ko lemo babu?"

Likita ya karɓi keken ya ɗora sarƙar, ya juya feda ya ga ta zauna. Sannan ya ce, "Me ya sa ba ka rubuta sunana ba?"

"A wane layi? Fom ɗin ba shi da gurbin sukundireba."

"Akwai abin da ba ka sani ba."

Gajere ya dubi bandejinsa. Ya ce, "Kunnen? Mun sani, Yaya."

Ya ce sun fi shekara biyu da sani, su duka, har mai gadi. Shi ya sa kowa ya koma taɓa kafaɗarsa. Shi ya sa in za a yi sanarwa a zaure, wani yakan matso kusa da shi ya maimaita kamar da kansa yake magana. Ba su taɓa zama sun shirya ba, haka kawai abin ya tafi. Likita ya tambaye shi, to da ya sani, me ya sa ya aika a kira shi ranar?

"Da ban kira ka ba fa? Ƙararrawa tana kuka, kana zaune a bencinka, in tsayar da inji ban neme ka ba, a gaban kowa. Ai na gaya maka mun sani ke nan. Na ce a raina, Maƙaryaci ne, ƙarya yake kamar kullum, bari Yaya ya kaɗa hannunsa mu wuce." Ya ja numfashi. "Ni na danna maɓallin nan, ina sane. Don haka abin da na rubuta gaskiya ne. Ka je ka ƙarasa shekara biyunka da sunanka. Ni ina da takarda, zan samu wani wurin."

Likita ya san babu tashar da za ta ɗauki wanda aka kora don ya ƙona inji. Gajere ma ya sani. Matar gidan ta kawo shayi, suka sha, suka yi zancen tayar keken da ke sacewa. A hanyarsa ta komawa bai hau mota ba, ya taka. Abin da ya fi tsaya masa a wuya ba injin ba ne. Shekara biyu ke nan yana kaɗa hannu kusa da kunnensa, manyan mutane masu iyali suna tsaye suna kallonsa suna gyaɗa kai, kamar yadda ake yi wa tsohon da ke ba da labarin da ya riga ya bayar.

Bai iya dogon bayani ba, bai kuma yarda da shi ba. Da safe ya tafi asibitin ma'aikata ya ce a gwada shi. Nas ta ce ai lokacin gwaji bai yi ba, sai bayan wata biyar. Ya ce yau yake so. Ya shiga ɗan ɗakin, ya ɗaura abin sauraren da kansa, sannan ya ɗaga kujerar ya juya ta, ya fuskanci bango. Ya zauna yana kallon fenti. Sau huɗu ya ji wani abu ya ɗaga hannu. Sauran lokacin shiru ne, mai tsawo, har ya ɗauka an gama.

Da ta buɗe ƙofa fuskarta ba annuri. Ta tsaya a gabansa ta ce, "Baba, bara fa? Da bara waccan?"

Ya taɓa kafaɗarsa ta dama, ya ɗan saukar da ita, ya nuna tata. Ta daɗe tana kallonsa. Sa'ar 'yarsa ce, kuma sa hannunta ne a kan takardu ukun da suka wuce. Sai a lokacin wannan ya faɗo masa a rai. Ta cika takardar, ta buga hatimi da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata, ta miƙa masa ba ta ce sai an jima ba.

Kwamitin mutum uku ne daga babban ofis, da manajan tasha a gefe. Ba a gayyaci Likita ba. Ya sa wankakkun kayan aikinsa, ya zauna a benci a waje har aka fito da Gajere, sannan ya tura ƙofa ya shiga ya ajiye takardar a kan tebur. Shugabar kwamitin ta karanta, ta yi magana kanta a sunkuye. Bai san da shi take ba. Ta sake, ya ga sauran suna kallonsa. Sai manaja ya jawo takarda ya rubuta da manyan baƙaƙe, tun yaushe, ya tura masa. Ya ɗaga yatsu uku.

Sauran bai ɗauki minti goma ba. Ya gaya musu an kira shi ranar, ya saurara, ya ce lafiya. Ya gaya musu haka ake yi a tashar tun kafin Gajere ya zama shugaban aiki, kuma manajoji huɗu sun zo sun tarar sun tafi sun bari. Manaja na yanzu ya dubi silin. Suka tambaye shi ko Gajere ya san halin kunnensa. Ya ce wannan sai su tambayi Gajere, shi abin da ya yi ya zo faɗa.

Ba a kori Gajere ba. An sauke shi daga shugabancin aiki, aka tura shi filin sola da ke bayan tsauni, tafiyar awa uku, inda yake kula da masu wanke faifai. Sai ƙarshen mako yake ganin 'ya'yansa. Nas ta samu takardar gargaɗi, kuma tun daga lokacin kowa bango yake kallo in ana gwada shi. An kwance rabin inji na biyu an canja wayar nan da aka yi shekara goma sha wani abu ana cewa ba lokaci. Ƙanwar matar Likita ta yi wata bakwai ba ta taka gidansa ba. Da ta dawo ta gaishe shi a tsaye. Mai walda kuma ya daina ɗaga murya in ya ga ya wuce, sai dai ya ɗaga hannu.

Shi kuwa Likita aka ce ba zai sake sauka zauren injina ba, doka ta hana. Don kada a ce an wulaƙanta shekara talatin da ɗaya, aka mai da shi shagon gari ya ƙarasa a sito. Likita ya zama ɗan fanka. Tsofaffin abokansa ba su tsokane shi da wannan ba, ko sau ɗaya, shi ma ya lura.

Siton wani ɗaki ne a bayan shagon, mai taga ɗaya da kanta. Masu gyaran gidaje suna zuwa da 'yar takarda, mita biyu, waya yadi talatin, makunni shida, ya karanta ya ɗauko ya miƙa. Aikin ba ya buƙatar kunne. Ya jera komai bisa girmansa, ya goge kantocin da ba a taɓa gogewa ba, har manajan shagon yana kawo baƙi su gani. Daɓen wurin ba ya motsi. Makonni na farko yakan tsinci kansa ya tsaya cak a tsakiyar ɗakin, gabansa yana faɗuwa, don a jikinsa daɓen da ba ya rawa yana nufin an tsayar da inji. Kamfani ya saya masa na'urar ƙara ji. Yana sa ta don matarsa. Tana kawo masa ƙarar cokali da ta takalmi, ba ta kawo abin da ya rasa.

Inji na biyu ya tashi bayan wata biyar da kwanaki. Ba wanda ya aiko masa. Ya gane ne da ya ga fankar siton ta wuce ƙarfe biyu tana juyawa, alhali lokacin ɗauke wutar unguwar ya yi.

Wata rana da hantsi, wani sabon mai gyara, wanda aka ɗauko daga wani reshe, ya shigo rungume da famfon ruwa na gida. Ya ajiye shi a kan kanta ya ce wata mata ce ta dawo da shi, wai yana wani kuka, shi kuma ya kunna ya kasa gane inda yake. Ya ce ya ji ana kiransa Likita, da ya tambaya aka ce masa a zamaninsa ba a yi mai kunne irinsa ba. Kafin a ce wani abu ya jona famfon a soket ya kunna, ya ja baya yana murmushi, yana jira.

Mutum biyu da ke bayansa a layi, waɗanda suka san labarin, suka sunkuyar da kai. Famfon yana rawa a kan kanta, yana matsawa a hankali zuwa gefe. Likita ya sa tafin hannu ya tare shi kada ya faɗi. Ya bar hannun a kai na ɗan lokaci. Sannan ya miƙa ɗayan ya kashe soket.

Ya ce, "Kai wa wani, ɗana. Ni ba na ji."

Mai gyaran ya fara ba da haƙuri, yana cewa bai sani ba. Likita ya naɗe masa wayar famfon ya ɗora a kai, ya tura masa. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi takardar na gaba.